Kwaɗon da Ya Riga Ruwa

Ranar da ƙanena Clem ya kawo Dulcie zangonmu, tsayawa ta yi tana waige-waige, wai kujera take nema. Kujera fa, a wurin da bukkokinmu na buhun alkama ne da gwangwanin kananzir! Na ce mata, "Ranki ya daɗe, kujerar tana wurin kafinta. Ga ƙasa nan, ba ta cizo." Sai da ta shimfiɗa hankici sannan ta zauna, ƙafafu a haɗe. Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Tamu ce, 'yar ƙabilarmu ta Noongar ce ta wajen uwa. An ɗauke ta tun tana 'yar mitsitsiya aka kai ta gidan mishan, ba ta fito ba sai da ta zama mace. Ta iya guga, ta iya ninke zanen gado har mutum ya ji tsoron kwanciya a kai, amma ba ta iya raba sawun kangaru da na tunkiya ba. Abin da ya fi ba ni haushi da ita, in aka buga ƙarfe, ko da cokali ne ya faɗa kan gwangwani, sai ta miƙe zumbur. A can ƙararrawa ke tashe su, ita ke kiran su cin abinci, ita ke kwantar da su. Jikinta bai manta ba.

Amma akwai naci. Duk inda Inna ta sa ƙafa, Inna mahaifiyarmu ke nan, Dulcie na biye da sandar tono, tana tambaya kamar bakinta ba ya gajiya. Da ta haifi Nola kuwa, ni ma na sauko. Yarinya ce mai surutun tsiya, ta ɗauko hasken fatar uwarta, kuma ba ta san wani wurin zama ba sai cinyata. "Gwaggo Lottie, ba ni labari." "Gwaggo Lottie, me ya sa hancinki ya yi faɗi?" Haka muke fama.

Shekarar da nake ba ku labari, Nola ta fara famfarar haƙoran gaba. Bunuru, wato bazararmu, ya zo da zafin da ban taɓa gani ba. Mazanmu duka, har da Clem, sun tafi can gabas suna sare wa Turawa masu gona daji suna ƙonewa, dajin da ke ciyar da mu, da hannunmu muke cinna masa wuta don a ba mu fulawa. Kangaru sun gudu. Zomaye an zuba musu guba. Abin da ya rage mana shi ne rabon gwamnati: fulawa mai tsutsa, ganyen shayi, ɗan sukari. Yaro ba ya girma da wannan. Nola ta zube, gwiwoyinta suka fi cinyoyinta kauri.

Ranar rabo muna layi a bayan ofishin 'yan sanda, sai ɗan sandan garin ya fito. Shi ne wai gwamnati ta ɗora ya kula da mu. Ya tsaya kan Nola ya daɗe yana kallo. Ya kama wuyan hannunta, ya zagaye shi da babban yatsa da manuni, yatsun suka haɗu har suka wuce juna.

"'Yar wace ce?"

Dulcie ta miƙe tsaye cak, hannu a baya. "Tawa ce, ranka ya daɗe."

"Ba kya ba ta abinci?"

Na ce, "Da wane abincin? Wanda tsutsa ta rage?" Inna ta taka mini ƙafa.

Ko kallona bai yi ba. Ya ce da Dulcie, "In ruwa ya sauka zan zo zangonku. In na tarar da ita haka, jirgin ƙasa za ta hau. Akwai inda za a ciyar da ita."

Dulcie ta fi kowa sanin wurin da yake nufi. Tun daga ranar, kullum da safe sai ta kama hannun yarinyar ta zagaye shi da yatsunta yadda ya yi, ta duba, ta saki. Nola ta ɗauka wasa ne, har miƙo hannun take da kanta.

Inna ta ce, "Mai take buƙata. Bayu da kififiya, su ne za su tashe ta. Mu da su aka tashe mu."

A kan tudun duwatsu, inda garma ba ta iya hawa, akwai sauran itatuwan djiridji da gatari bai kai ba. Ƙarshen Bunuru 'ya'yansu ke nuna, su ne bayu, jajaye jawur, kowanne ya kusa ƙwan kaza. Muka hau mu uku da jakunkunan fata, Nola na tsalle a gaba. Ta ɗauki ɗaya za ta kai baki, Inna ta make hannun.

"Kul! Wannan ɗanye kashe mutum yake. Sai ƙasa ta shanye dafinsa tukuna."

Ƙa'ida a jiƙa shi a ruwa ya kwana biyu kafin a binne. To ina ruwan? Ramin dutsen da muke jiƙawa tun kakanni ya kusa ƙafewa, ɗan abin da ya rage bai ko rufe bayun da kyau ba. Muka yi abin da za mu iya. Sannan muka haƙa rami biyu a cikin yashi bayan zango, zurfin hannu, muka shimfiɗa ciyawar fadama, muka jera bayu, muka rufe. Inna ta tattake ƙasar da ƙafa tana cewa, "Bana bai sha ruwa sosai ba, sai ya daɗe a ƙasa."

Dulcie ta ce, "Inna, ran nawa ga wata za a buɗe?"

Na kwashe da dariya. "Ji ta! Inna, ba ki rataya wa ramin kalanda ba?"

"Ke Lottie, rufe mana baki." Inna ta juya ga Dulcie. "Sai Djeran, farkon damina, ya shigo, 'yata."

"Ta yaya zan san ya shigo?"

"Za ki sani. Ƙasa za ta gaya miki."

"Da me za ta gaya mini, Inna? Ki faɗa mini abu guda da zan riƙe."

Inna ta sosa kai, don ba a taɓa yi mata irin wannan tambayar ba. Mu ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana Djeran. Iska ce ke juyawa ta taso daga teku, raɓa ta kwanta a ciyawa, jan fure ya buɗe, tururuwa masu fiffike su tashi, jikinka ma ya nemi bargo. Duk tare suke zuwa, kuma wanda ya tashi a ciki ba ya rarrabe su. Can Inna ta ce, "To, kin san kwaɗon nan mai nishi a cikin rami kamar mara lafiya? Ba ya buɗe baki sai Djeran. In kin ji shi, bayu ya yi."

"Kwaɗo," in ji Dulcie. Ta maimaita a hankali kamar mai haddar addu'a.

Bayan 'yan kwanaki ni da Inna muka ɗaura niyyar babbar fadama neman kififiya, tafiyar yini biyu. Dulcie ba ta da halin binmu. Tana yi wa matar mai gonar da ke maƙwabtaka da mu wanki, kuma in ɗan sanda ya leƙo bai ga yarinyar ba zai ce gudu aka yi da ita. Sauran matan zango kuwa kowa ta watse neman abin da 'ya'yanta za su ci.

Fadamar da na sani tun ina yarinya, da muka isa sai da na yi ƙwalla. An yanka mata lambatu an tsiyaye rabinta, an shuka dankali a ciki. Inna ta ɗebi yashi ta murza a hannu ta watsa a ɗan ruwan da ya rage, ta faɗi sunanta da nawa, don ruhin da ke tsaron wurin ya san mu ne. Sannan muka shiga taɓon da ya bushe ya tsattsage. Da zafi kififiya nutsewa take cikin laka ta yi barci, kuma da tafin ƙafa ake nemanta: ka taka, ka taka, har ka ji wurin da ƙasar ta ɗan yi tudu ta yi taushi, sai ka sa sanda. Da can mace ɗaya kan cika jaka kafin rana ta take. Mu muka yi kwanaki muna taka wuta, iskar gabas na busa mana zafi a fuska, abin da muka samu bai taka kara ya karya ba. Wata babba da na tono, Inna ta juya ta ta duba, ta ce in mayar.

"Inna, don Allah! Nola fa?"

"Uwa ce. In kin ci ta, baɗi jikokinki su ci me? Mayar."

Na mayar ina zage-zage. Muka kamo hanya da 'yan kififiyunmu, sama ko gajimare ɗaya babu, ƙasa na ƙona ƙafa. Bunuru bai ko fara naɗe tabarmarsa ba.

Da hantsi muka shigo zango. Tun daga nesa na hango Dulcie ta taho da gudu, tana dariya. Ban taɓa ganin haƙoranta duka a waje ba sai ranar.

"Inna! Yaya Lottie! Ya yi kuka! Kwaɗon ya yi kuka!"

Inna ta tsaya cik. "Wane kwaɗon?"

"Mai nishin nan. Shekaranjiya na ji shi da magariba, na ce bari in tabbatar, jiya da asuba na sake ji. Ban jira ku ba, na buɗe rami ɗaya. Ku zo ku ga yadda take ci!"

Nola na zaune a bakin bukka, bakinta da kumatunta sun yi ja, ga ƙwallayen bayu tsibi a gabanta. Ta ɗaga mini hannu. "Gwaggo Lottie, ba daɗi, amma Mama ta ce in na cinye ba zan hau jirgi ba."

Sandar Inna ta faɗi ƙasa. Ta durƙusa ta ɗauki bayu ɗaya daga cikin kwano ta matsa da yatsa. Bai lotsa ba. Ta sansana. Bayun da ya yi, laushi yake kamar nama, yana wari mai ƙarfi, yana naso. Wannan yana nan kamar ranar da muka binne shi.

"Tun yaushe take ci?"

"Tun jiya." Dariyar ta fara barin fuskar Dulcie. "Inna, mene ne?"

"Ke kin ci?"

"Na ɗan lasa. Nata ne, don me zan ci mata?"

Na cafki hannunta. "Ina kwaɗon? Nuna mini!"

Ta ja ni har shingen wayar mai gona. Muna can fadama ashe ya kafa sabon famfo, irin wanda iska ke juyawa, da kwamin ruwan tumaki. Kwamin yana yoyo. Ƙasar da ke gindinsa ta jiƙe sharkaf, faɗin zanen gado, kuma ga 'yan ramukan kwaɗi a gefe. Ruwa ya iske su a ƙasa, sun ɗauka damina ce. Ko'ina ban da wurin nan a ƙone yake ƙurmus.

Na ce, "Dulcie, ɗago kai ki dubi sama! Kin ga hadari? Kin ji iska ta juya? Kin taka raɓa? Kwaɗo ɗaya a gindin famfon Bature shi ne Djeran?"

"Inna ta ce in na ji shi..."

"Ƙararrawa ce? An gaya miki ƙararrawa ce da za a kaɗa ki miƙe?"

Ta dafa wayar shingen da hannu biyu, ƙayar ta shige ta, ba ta ma ji ba. Ni kuma haushin ya bar kanta ya rasa inda zai sauka, sai na ɗauki dutse na jefi famfon. Ya yi ƙara ya ci gaba da juyawa.

Kafin mu koma Inna ta sa wa yarinyar yatsa a maƙogwaro. Ta daka gawayi ta dama ta ɗura mata, ta jiƙa jan ƙaron itace ta ba ta. Amma na jiya ya riga ya shiga jiki. Da la'asar amai ya fara, ba ya tsayawa. Washegari ko ruwa ba ya zama. Muka gasa kififiyar da muka sha wahala a kai, na ɗebo man na shafa mata a leɓe, ta kau da kai. Yarinyar da ba ta iya rufe baki ta koma sai ido. Kwana na uku da safe Inna ta fito da ita haske ta buɗe mata ido da yatsa. Farin ya koma rawaya.

Inna ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ce, "Iyakar hannuna ke nan. Ya taɓa hanta. Na ga babba ya tashi daga wannan, ban ga yaro mai rama irin tata ya tashi ba."

Dulcie ta ce, "Asibiti."

Na ce, "Kin haukace? Ki kai ta da hannunki? Ɗan sandan nan yana jiran ruwa ya sauka ya zo, ke za ki rage masa tafiya?"

"Likitansu yana da allura."

"Kuma in ta warke su miƙo miki ita su ce ungo, mun gode? Yaro nawa aka kai can ya dawo? Ki bari mu ƙara kwana ɗaya, Inna ta sake gwadawa."

"Yaya Lottie." Muryarta ba ta ko rawa. "Ke ba ki san wurin da za su kai ta ba, ni na sani. Na san ɗakin, na san bulalar, na san kukan da ake yi a cikin bargo. Ba abin da za ki gaya mini. Amma ni ga ni, ina numfashi. In ta kwana nan, rami na uku za mu haƙa."

Na dubi Inna ko za ta goyi bayana. Inna ta sunkuyar da kai. Wallahi a lokacin na tsani kowa, har da Clem da ke can yana ƙone daji bai san abin da ake ciki ba.

Dulcie ta ciro 'yar rigar Nola ta fita, ta zuba garwashi a gwangwani ta goge ta tsaf. Ta wanke wa yarinyar fuska, ta taje mata kai. Ta ce kada su ce ƙazama ce ta haife ta. Inna ba za ta iya tafiyar ba, sai ta goga tafinta a hammatarta ta shafe yarinyar daga kai har ƙafa, don ƙasa ta san warin wa take ɗauke da shi. Muka kama hanyar gari, muna karɓa-karɓa.

A hanya ne na ji abin da har yau yake hana ni sukuni. Dulcie ta kai baki kunnen yarinyar tana magana ƙasa-ƙasa, ba tsayawa.

"Sunanki Nola. Ko sun ba ki wani, ki amsa, amma sunanki Nola. Uwarki Dulcie, ubanki Clem. In an kaɗa ƙararrawa ki tashi da sauri, kada ki zama ta ƙarshe. In an ba ki burodi ki cinye a take, kada ki ɓoye, manyan yara za su ƙwace. Kada ki yi yarenmu inda za su ji. In fitsari ya kufce miki da dare, ki juya katifar tun kafin gari ya waye. In za ki yi kuka ki cusa bargo a baki. Kina ji na? Sunanki Nola."

Na ce, "Haba Dulcie, ya isa."

"Bai isa ba. Ni ba wanda ya gaya mini."

A asibitin ba a shigar da irinmu ciki. Akwai baranda a baya, kusa da inda ake tara itace, da gado biyu. Wata nas ta fito ta karɓi yarinyar, ta tambayi abin da ta ci. Dulcie ta faɗi gaskiya, don ba a koya mata yi wa mai farar riga ƙarya ba. Nas ɗin ta dube ta sama da ƙasa. "Wannan abin da ke kashe shanu? Shi kika ba 'yarki?" Ta shige. Kafin rana ta faɗi aka kore mu, don doka ba ta yarda baƙar fata ya kai magariba a cikin gari ba.

Muka yi 'yar bukka a bayan gari wajen juji. Kullum gari na wayewa muna jikin shingen asibiti. Da fari ba ma ganin komai sai tudun bargo. Wata rana tudun ya motsa. Wata rana muka ga hannu. Sannan wata safiya muka tarar da ita zaune, an aske mata kai, tana cin burodi da madara. Ta hango mu ta ɗaga cokali.

"Gwaggo Lottie! Sun yanke mini gashi!"

Na yi dariya ina hawaye, na ce, "Ya yi miki kyau, mai kan ƙwarya!" Na juya in rungume Dulcie, sai na ga fuskarta. Murna take, amma irin murnar da ba na fatan in sake gani a fuskar mutum. Ta san abin da warkewar take nufi.

Ba a daɗe ba muka zo muka tarar an naɗe katifar. Muka ruga ofishin 'yan sanda. Ɗan sandan nan yana zaune yana shan shayi. Ya ce jirgin safe ya tashi da ita, kuma mu gode wa Allah da bai rufe uwar ba, macen da ta ɗura wa 'yarta guba. Na tambaye shi ina aka kai ta. Ya ce inda za a ciyar da ita. Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita muku ba, har sai da Dulcie ta ja ni waje. Ita har da ce masa, "Na gode, ranka ya daɗe."

Mun koma zango ba da jimawa ba iska ta juya. Da safe na fito na ji ciyawa ta jiƙa mini ƙafa. Jan fure ya buɗe a kan tudu, tururuwa masu fiffike suka cika ko'ina, yara na bin su. Mazan suka dawo, Clem ya ji labari ya shiga daji shi kaɗai ya yini. Sannan hadari ya taso daga teku, ruwa ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi. Da yammacin ranar kwaɗi suka fara. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Daga fadama, daga gindin tudu, daga bayan bukkoki, daga ƙarƙashin ƙafarka ma, ko'ina nishi yake, har sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji.

Dulcie ta fito ta tsaya a cikin yayyafi tana saurare. Ta daɗe. Sannan ta je bakin bukkar Inna.

"Inna, yanzu ne?"

"Yanzu ne, 'yata."

"Ashe haka yake. Ai wannan ko kurma ya sani."

Washegari Inna ta ce a buɗe rami na biyu. Na ce ni ba zan taɓa shi ba, a bar shi ya ruɓe. Inna ta ce akwai yara a zangon nan da wuyan hannunsu bai fi na Nola ba, kuma ɗan sanda bai manta hanya ba. Dulcie ce ta ɗauki sanda ta tona. Da ta ɗaga ciyawar, warin ya bugo mu. Bayu ya yi yadda ake so, ya yi laushi, yana ƙyalli da mai, rabon da mu ga mai kyansa tun ina budurwa. Yara suka yi caa. Dulcie ta raba musu ɗaya bayan ɗaya, tana cewa su ci a hankali.

Da kowa ya samu, ta ɗauki ɗaya ta zauna a ƙasa kusa da ni, ba hankici. Ta gatsa. Man ya gangaro mata har haɓa.

"Yaya Lottie, akwai daɗi fa."

"Akwai."

"Da ta so shi. Da ta ci na wata guda, da ɗan sandan ya zo ya gwada ya ga yatsunsa ba su haɗu ba."

Ta ajiye sauran bayun a cinyarta, ta ɗaga hannu ta haɗa babban yatsa da manuni kamar yadda take yi kullum da safe, ta rage zagayen har ya kai daidai yadda ta saba. Ta yi ta kallonsa, ba komai a ciki.